Mai Awon Tumbi a Kasuwar Zuru

Wai an ga wata mata a kasuwar Zuru tana auna mutane da ransu don akwatin gawa. Ƙarya ce! Dakta Goodness ce, malamar jami'a mai binciken ƙiba da ciwon suga, siririya kamar karan dawa, da tef ɗin tela a wuya. Ba ta murmushi. In ta auna cikin mutum, sai ta daɗe tana kallon ƙafafunsa.

Sajan Bitrus, wanda tumbinsa ke riga shi shiga coci, ya tsokane ta: "'Yata, wannan ai hutu ne. Ke ce ba kya ci."

Ta ce, "Baba, haka aka riƙa yabon tumbin mahaifina har aka yanke masa ƙafa. Ɗaga rigarka."