Malam Sale da Injin da Ke Niƙa da Rana

Ina tsiyaya mai a jarka a bakin tashar Baure wani ɗan acaɓa ya tsaya ya ce mini Malam Sale Mai Inji ya rasu. Na ce daga Allah muke, gare shi za mu koma, na rufe duro, na hau bayansa muka nufi ƙauyensu. Mun tarar ana shirin sallatarsa. Shekarunsa sun ja, kuma ya daɗe yana fama da ciwon ƙirji.

Ni mai sayar da man dizal ne, shi kuma mai injin niƙa, abin da ya haɗa mu ke nan tun ina saurayi. Kusan duk tuwon da aka tuƙa a ƙauyen nan, ta injinsa garin ya bi. Ba mutum ne mai yawan dariya ba. Yakan kaɗe inji tsakanin dawa da gero don kada garin wata ya gauraya da na wata, ko da layi ya kai bakin hanya. In kwano ya fito daga gidan da aka yi rashi, sai ya niƙa ya mayar, ba ya karɓar komai.

Abin da aka fi saninsa da shi shi ne maganar mai zai ƙare. Wata rana na kai masa jarka, ya dube ta ya ce, "Hamisu, abin nan da kake sayar mini, wa ya shuka shi?"

Na ce, "Malam, ba a shuka shi. Haƙo shi ake yi daga ƙasa."

Ya ce, "To, geron da muke shukawa duk damina ma yana ƙarewa a rumbu, balle wanda ɗiba kawai ake yi."

Na ce masa kafin ya ƙare ni da shi mun daɗe a ƙasa. Ya ce, "Mu muna ƙasa, jikokinmu suna sama, kuma sai sun ci tuwo." Na ɗauki maganar surutun tsufa, don na ga tankokin mai ba su fasa shigowa Daura ba.

Da aka shiga wahalar mai, injin ya riƙa yin kwanaki a kashe, mata suka koma turmi da dutsen niƙa. Malam Sale ya sayar da shanun huɗarsa, ya sayo farantan sola da sabon inji mai aiki da wuta. Ƙarfinsa bai kai ga batiran ajiye wutar ba, saboda haka injin daga hantsi yake aiki zuwa gab da la'asar.

A nan ya yi kuskure. Matan ƙauyen da safe suke surfe, su wanke, su shanya, sai bayan la'asar su aika niƙa. A lokacin rana ta yi sanyi, injin sai ya yi gurnani ya tsaya. Gari ya samu abin dariya, aka ce Malam Sale ya sayo injin da ke tashi aiki kafin aikin ya zo. Dole ya ci gaba da tayar da tsohon injin da yamma, ni kuwa cinikina bai ragu ba.

Matarsa, Inna Hajara, ita ta gaya masa gaskiya. Ta ce, "Malam, ka tambayi mai waya, ka tambayi mai ƙarfe, ba ka tambayi mai surfe ba." Bai musa ba. Ya roƙe ta ta bi gida-gida ta nemi mata su riƙa surfe tun jiya, su kawo niƙa da hantsi. Wasu suka yarda. Wasu suka ce ba za su sauya yadda suka taso suka ga ana yi ba saboda farantan Malam Sale. Har ya kwanta ciwon ajali aikin a rabe yake, na rana daban, na yamma daban.

Bayan sadakar uku, babban ɗansa Nura, wanda ke tuƙa mota zuwa Katsina, ya ja ni gefe. Ya ce zai sayar da farantan ya koma mai gaba ɗaya, don masu kawo niƙan hantsi kunyar tsohon suke ji, yanzu kuwa babu shi. Ya ce in kawo jarka washegari. Ban ba shi shawara ba, gadonsu ne.

Na isa da hantsi da jarkar a bayan babur. A ƙofar shagon kwanuka ne jere har bakin hanya, kowane da busasshen surfe. Na gane kwanukan gidajen da suka daɗe suna ƙi. Inna Hajara tana cikin takaba, ba ta je gidan kowa ba. Nura ya tsaya ya jima yana kallonsu, sannan ya ce, "Kawu Hamisu, koma da man tukuna." Ya hau rufin shagon ya goge farantan, ya sauko ya kunna sabon injin. Na koma tasha da jarkata cike, a hanya ne na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Allah ya jiƙan Malam Sale, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba Inna Hajara haƙurin rashinsa, ya yi wa Nura da ƙannensa jagora a kan abin da ya bar musu. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.