Ƙyallen bakin riga da na ɗaura wata bakwai

'Yan'uwa, salama. Shekara da shekaru ana tambayata me ya sa ban haihu ba, ina cewa nufin Allah ne. Yau na gaji da jingina wa Allah abin da mu muka yi da hannunmu.

A farkon shekarun casa'in ne. Ina amarya a wani gidan haya a unguwar Nima, mu kaɗai ne Kirista a gidan. Mijina Yohanna kafinta ne. Idan ya fita, aikina karatun ƙananan littattafan soyayya da 'yan kasuwa ke kawowa daga Najeriya. Kowanne na buɗe, ni ce yarinyar ciki. Haka nake karanta Littafi Mai Tsarki ma.

Sai al'adata ta fara wuce kwanakinta. Kwana goma, sha biyar, har da guda-guda. Marata ta yi tauri, na ɗauka ciki ne, har na zaɓi suna.

Na gaya wa Mama Talatu, shugabar zumuntar mata a cocinmu. Ta buɗe mini labarin matar nan da ta yi shekara goma sha biyu tana zubar jini, ta sha wahala wajen likitoci, sai da ta taɓa bakin rigar Yesu ta warke.

"Kin gani ko, 'yata? Likita bai iya ba a lokacin, yanzu ne zai iya?"

Labarin ya yi mini daɗi. Na ga kaina a cikin taro ina miƙa hannu, kowa na kallo.

Ta kai ni wurin wani mai wa'azi a unguwar Malam. Yakan yanka bakin rigarsa ƙanana-ƙanana ya raba wa mata. Na ɗaura nawa a ƙugu. Ta kuma ce in daina zuwa jibin Ubangiji, wato karɓar gurasa da ƙoƙo a coci, sai na tsarkaka, haka Tsohon Alkawari ya ce. Na koma bencin baya.

Yohanna ya ce, "Saratu, mu je asibiti mana."

Na ce bangaskiyarsa ce kaɗan. Ya yi shiru. Har yau ina jin haushin wannan shirun, ina kuma jin haushin bakina.

Wata bakwai. Tafin hannuna ya yi fari, ɗaukar bokiti ɗaya sai in zauna ina haki.

Wata safiya na faɗi a bakin famfo. Hajiya Memuna, maƙwabciyarmu mai sayar da koko, ta bar tukunyarta ta tsayar da tasi. A hanya ta ga ƙyallen.

"Kai, Saratu, mene wannan? Ni na san ku Kirista ba ku ɗaura laya. Ashe ku ma kuna da taku, sai dai ba fata."

A asibiti, kati, awon jini, ruwan da ake ƙara wa mutum, komai sai an biya kafin a taɓa ki. Yohanna ya sayar da injin yankan katakonsa. Aka ƙara mini jini leda uku, ɗaya nasa ne. Hoto ya nuna ba ciki ba ne, ƙari ne a mahaifa, ba ɗaya ba.

Likita ta ce, "Da kin zo da wuri, da mun cire ƙarin mun bar miki mahaifar. Zan gwada, amma ban yi alkawari ba."

Na sa hannu a takarda, aka shiga da ni tiyata. Da na farfaɗo, fuskar Yohanna ta gaya mini kafin kowa cewa an cire mahaifar.

Kwana na huɗu Baba Iliya, tsohon da ke koya mana Littafi a coci, ya zo dubiya. Na ba shi labari duka. Ya cire tabarau.

"'Yata, matar nan ta je wajen likitoci shekara goma sha biyu. Ke sau nawa kika je?"



Ya ce likitocin wancan zamani ba su da ƙarin jini, ba su da hoto, sai saiwa da toka. An faɗi abin da ya same ta ne, ba doka aka kafa mana ba, kuma Yesu bai tsawata mata don ta nemi magani ba. Ya ce dokar ƙasarsu ta hana mai jini shiga mutane, shi kuwa ya tsayar da taro ya kira ta 'yarsa. "Shi ya dawo da ita cikin jama'a. Ku kun ɗauki labarin kun kore ki da shi."

Na ce, "Baba, ka san wannan duka, me ya sa ba ka taɓa koya mana ba?"

"Maganar jini ce. Na ɗauka ba ta bakin namiji ba ce."

Kunyarsa da mafarkina suka haɗu suka ci mahaifata.

Mama Talatu ma ta zo da lemo. Ta ce da na ƙara haƙuri kaɗan, da na ga al'ajabi. Na juya fuska bango.

Sati biyu aka sallame ni, wata uku kafin in iya ɗaga tukunya. Ban bar coci ba, na dai daina neman kaina a kowane shafi.

Na gode wa Allah da ya bar ni da rai. Na gode wa Hajiya Memuna, Allah ya jiƙanta, da Yohanna da bai taɓa goranta mini ba.

Mata, idan jini ya wuce kwanakinsa, ko mara ta yi tauri, kada ki jira ki faɗi. Idan an buɗe miki aya, ki tambaya: wa aka gaya wa, a wane zamani, me ke gabanta da bayanta? Masu koyarwa, ku faɗi abin da kuka sani ko da nauyi.

Ki je asibiti gobe da safe. Addu'ar, ki yi ta a cikin trotro, motar haya, ana jin ta daga can ma.