Gyaɗar da Inna Ta Ware wa Kanta

Wata rana a asibiti, wata mata mai suna Uwani tana zaune riƙe da hannun mahaifiyarta, Inna Tabawa. Ƙafafun tsohuwar sun kumbura, silifas ma ya ƙi shiga. Ƙoda ce ta gaza.

Likita ya duba, ba hawan jini, ba suga. Sai ya ce, "Ba zan rantse ba, amma kuna cin hatsi ko gyaɗar da ta yi fumfuna? Dafinta ko wuta ba ta kashe shi, a hankali yake cin hanta da ƙoda."

Uwani ta buɗe baki za ta ce a'a.

Sai tsakar gidansu na ƙauye ya faɗo mata a rai.

Allah sarki, lokacin kaka! Ruwan bankwana ya daki gyaɗa a shanya, Inna ta baje faifai a gindin darbejiya tana tsinta tana 'yar waƙarta. Masu kyau na miyar gida ne da ƙuli-ƙulin yara. Baƙaƙen, masu ɗaci da warin rumbu, sai ta tura su wata 'yar ƙwarya, don a gidan Inna zubar da abinci butulci ne.

In yaro ya kai hannu ƙwaryar, sai ya ji dundu. Wai rabonta ne, ita ɗacin take so. Su kuwa har tsokanarta suke, wai Inna rowa gare ta.

Shekara da shekaru ke nan.

Uwani ta sunkuya kusa da ita. "Inna, ashe ba son ɗacin kike ba?"

Tsohuwar ta yi murmushi. "Ke ma dai, Uwani. Wa ke son ɗaci? To da wa zan ba, ku?"

Uwani ta fita baranda ta yi kuka mai isarta. Abin da ya fi ƙona mata rai, ita ma tana da irin wannan ƙwarya a ɗakin girkinta, kuma jiya ta yi wa 'yarta dundu don ta kai hannu ciki.

Da ta koma gida, ko mayafi ba ta cire ba ta haƙa rami ta binne gyaɗar.

Darasi: Abin da ya yi fumfuna ba rabon kowa ba ne, ko da uwa ce. A shanya amfani ya bushe sosai, wanda ya lalace a binne.

Ku tura wa 'yan uwa, sannan ku leƙa ƙwaryar iyayenku tun suna da rai.