Birkin da Ya Kama Ba Mai a Hanyar Ɗanzomo

Jama'a, abin da zan ba ku ba ji na yi a bakin wani ba, ni ya faru da ni, kuma na rantse da Wanda raina yake hannunsa ban ƙara masa gishiri ba. Shekarun baya ne, lokacin ina jan wata akwalar mota ina lodin fasinja tsakanin Gumel da Maigatari, wani lokacin in leƙa Gagarawa idan an samu shata. Motar ta tsufa ƙwarai, ta kusa girme ni, amma injinta lafiya lau, abu ɗaya ne ya dame ni da ita, wato birki. In ka taka sai ya yi nauyin dawowa, sai ka sa babban yatsa ka ɗago shi, wani lokacin kuma tayar gaba ta riƙe, ka ji motar tana ja kamar an ɗaure mata buhun gero a baya.

Akwai wani bakanike a Gumel, Oga Bitrus, mutumin Filato ne amma ya daɗe a cikinmu har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Shi ya zauna mata yini guda, ya canja sifirin da ke dawo da abin takawa, ya wanke duk inda tsatsa ta ci ya shafa giris, ya cire wani tiyo da ya ce ya kumbura ta ciki yana hana man birki komawa, ya sa sabo. Da zan tafi ya ce, "Ta warke. Amma in ta sake cijewa a daji, ga wani ɗan noti nan a bayan kowace taya, ka sassauta shi mai ya ɗan fita, dole ta saki." Kuma ta warke ɗin, na yi makonni ban ji ko ɗar ba.

To ran wata Alhamis da damina, ranar kasuwar Maigatari, na sauke fasinja ke nan da hantsi sai ga waya daga ƙauyenmu, can bayan Ɗanzomo, wai igiyar ƙasa ta taɓa Baba a gona yana cire ciyawa a gindin gero. Ban ma san yadda na isa gida ba. Na tarar an shimfiɗe shi a zaure, ƙafar ta kumbura har gwiwa, in ya tofar da yawu sai ka ga jini, masu gani suka ce gobe-da-nisa ce. Duk mazan gari masu ƙarfi suna kasuwa, ko mashin ɗaya babu. Muka kinkime shi muka kwantar a kujerar baya, Inna mahaifiyata ta shiga ta ɗora kansa a cinyarta, na ja mota sai asibitin Gumel.

Mun bar gari ke nan, muna cikin hanyar yashi ba mu kai kwalta ba, gero ya rufe mu hagu da dama, sai na ɗan taɓa birki don wani rami. Shi ke nan. Abin takawa ya tafi ƙasa ya zauna, mota ta cije, inji ya mutu. Na sa yatsa zan ɗago shi kamar yadda na saba a da, ko motsi. Na tayar da inji na ba ta wuta, sai ƙugi take tana rawa a wuri ɗaya, ƙaurin birki ya cika mana hanci.

Inna ta ce, "Kai, lafiya?" Ba ta faɗar sunana, ni ne ɗan fari.

Na ce, "Yanzu za mu tafi, Inna."

Na fito da sifana, na kwanta a yashi na sassauta notin nan na tayar gaba, mai ya tsirto, na jira ta saki, ba ta saki ba. Na koma ɗaya ɓangaren, haka. Na yi na baya, haka. Kai, daga ƙarshe don ruɗewa kwance su na yi gaba ɗaya, ina kallo man birki yana tsiyayewa cikin yashi har ya ƙare ƙaf, na buɗe ɗan gwangwanin da ake zuba shi na leƙa, wayam. Duk wanda ya san mota ya san birki ba ya kamawa ba mai. Na ɗaga taya da jak na kama da hannu biyu zan juya, wallahi kamar an yi mata walda.

Na duba waya, ba sabis. Na hau kan mota na ƙwala kira ko akwai wani a gonaki, shiru, sai ganyen gero yana kaɗawa. Rana ta take. Na leƙa baya na ga jini ya fara biyo wa Baba ta hanci, Inna tana sharewa da bakin mayafinta, ba ta kuka, bakinta dai yana motsi, kuma wallahi da ta yi kukan da ya fi mini sauƙi. Na ce a raina, yau ubana zai mutu a cikin motata, a hannuna, ina direba.

Sai na durƙusa a ƙofar direba na cusa kaina ƙarƙashin sitiyari, na kama ƙarfen abin takawar nan da hannu biyu na ja da duk ƙarfina. Ga inda nake so ku saurara da kyau. Ya ɗan ɗago. Ya ɗago kamar faɗin yatsu biyu, har na ce alhamdulillahi, sai na ji an mayar da shi. Ba zamewa ya yi ba, na san zamewar ƙarfe. Dannawa aka yi, a hankali, irin yadda mutum yake gyara ƙafa ya ƙara nauyi, har ya matse mini yatsu da ƙasan mota. Na ɗaga ido na kalli kujerata, ba kowa, amma soson kujerar ya lotsa.

Ina nan a durƙushe sai na ji muryar Baba, mutumin da tun daga gida bai ce uffan ba, kuma ba da ni yake ba, ba da Inna ba, idonsa yana kan kujerar direba.

Ya ce, "Haba bawan Allah. Ai ban ce ba zan zo ba. Amma kada ka ɗora wa yaron nan. Ɗaga ƙafarka."

Inna ta ce, "Malam, da wa kake?"

Sai na ji nauyin ya bar yatsuna, ƙarfen ya taso sannu a hankali har ya dawo mazauninsa, kujera ta yi ɗan ƙara irin na wanda ya tashi. Tayar da ke kan jak ta fara juyawa ita kaɗai.

Kada ku tambaye ni ta yaya na zauna a kujerar nan, dole ce, ubana ne a baya. Na sauke jak, na yi bisimilla, na ja. Yanzu kuma ba ni da birki ko kaɗan tunda na zubar da man da hannuna, birkin hannu kuwa wayarsa ta daɗe da tsinkewa, sai da giya nake rage gudu. Muka hau kwalta, na manta da komai na take totur, don numfashin Baba ya fara yin wani iri.

Mun kusa shiga Gumel, a wata 'yar kwana, sai ga amalanken shanu ya hawo titi a gicciye, cike da mata da yara sun dawo daga wani biki. Na taka birki ya tafi ƙasa fayau, ba komai a ciki. Na sake takawa, na sake, na danna ham, na nemi giya ta ƙi shiga, ina ganin fuskar wata mata da goyo tana kallona. Na ɗauke ƙafafuna duka biyu na runtse ido ina salati. Sai mota ta kama. Tayoyi suka yi kuka, ƙirjina ya daki sitiyari, muka tsaya cak, da na buɗe ido bakin motar da amalanken bai fi taƙi ba. Mai shanun yana ta yi mini sannu yana cewa Allah Ya yi wa birkin nan albarka. Ni dai na ja muka ƙarasa asibiti.

An karɓi Baba a asibiti, aka yi masa allurai, aka ƙara masa jini, ya yi kwanaki, Allah Ya tashi kafaɗunsa. Washegari na kira Oga Bitrus ya zo har inda motar take. Ya leƙa gwangwanin mai, ya shiga ƙarƙashi ya ga notunan a kwance, ya fito yana share hannu ya ce, "Wa ya jawo maka ita?" Na ce tuƙo ta na yi, har na tsaya da ita a hanya. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗaure notunan, ya zuba mai, ya fitar da iska, ya ce bai ga abin da ya lalace ba, kuma don Allah in daina ba shi labarin.

Sai bayan kaka, muna zaune mu biyu a gindin rumbu, na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, ran nan wa kuka gani a mota? Ko shi ne ya tsayar da mu a kwanar nan?"

Can ya ce, "Wanda ya riƙe daban, wanda ya tsayar daban. Kada ka sake tambayata."

Ban sake ba, har Allah Ya karɓi abinsa bayan wasu shekaru, a kan gadonsa. Amma har gobe in na tuna cewa su biyu ne, tsigar jikina sai ta tashi, don ni mutum uku na ƙirga a motar nan. 'Yan'uwana direbobi, birki in ya fara nauyin dawowa kada ku ce sai gobe, ku kai a duba, kuma kada ku tayar da mota ba addu'a. Sannan in za ku buɗe ƙofa ku shiga, ko kun ga ba kowa a ciki, ku yi sallama.