Yaya Lawali da Rijiyar Hanyar Tsauni

Bana shekara arba'in da biyar ke nan da rasuwar yayana Lawali tela, wanda mutanen Matameye na wancan zamani suke kira Lawali Mai Barmo. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yanzu shi ne fim ɗin da aka yi da labarinsa, wanda kaset ɗinsa ya shigo garinmu bayan damina, da kuma musun da nake jin samari suna yi a fada, wato majalisarsu ta hira, duk lokacin da na bi ta kusa da su zan tafi masallaci. Wasu na cewa an ɓata labarin, wasu na cewa an gyara shi. Duk cikinsu babu wanda ya san dalilin da ya sa mai labarin ya tsaya a inda ya tsaya.

Yaya Lawali mutum ne mai i'ina. Idan kalma ta maƙale masa sai ka ga jijiyar wuyansa ta tashi, ya runtse ido, ya yi ta fama har ta fita. Saboda haka bai cika magana ba. Da damina muna noma gero tare a gonar mahaifinmu, da rani kuma ya tafi Kano ya zauna a keken ɗinki na wani ubangidansa. A can ya fara rubuta labarin da ajami, a farkon shekarun 1950, ya dawo da shi ƙunshe cikin ƙyallen atamfa. Tunda bakinsa ba ya ba shi haɗin kai, ni ne na zama muryarsa. Bayan la'asar sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar shagonsa, in zauna in karanta, shi kuwa yana ciki yana taka keke kamar ba shi ya rubuta ba. Amma na lura duk inda labarin ya yi zafi, ƙarar keken tana tsayawa.

Labarin wani mai haƙar rijiya ne, Barmo. An yi fari a ƙasarsu, rijiyoyi suka ƙafe, sai wata tsohuwa ta gaya masa cewa aljanu ne suka janye ruwan zuwa birninsu da ke ƙarƙashin ƙasa. Barmo ya sha wahalhalu iri-iri kafin ya gano rijiyar da ƙofar birnin take a gindinta. A ƙarshen littafin an zura shi da igiya, ya isa ƙasa, ya kwance igiyar daga ƙugunsa, ya ɗaga murya ya ce wa mutanen sama ga ƙofar ya gani. Daga nan suka yi ta kiransa bai amsa ba, domin ya riga ya shiga. Nan littafi na farko ya ƙare. Na biyu ne zai faɗi abin da ya tarar a ciki da yadda ya fito.

Labarin ya shiga mutane fiye da yadda muka zata. Malamai suka kwafe shi da hannu, kwafi ya kai Ɗan Barto, ya kai Damagaram. Matan da ba sa fitowa sukan aiko a roƙe ni in je zaure in karanta da ƙarfi yadda za su ji daga ciki. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya tambayi Yaya yaushe Barmo zai fito, shi kuma ya yi murmushi ya ce yana kan hanya.

A waɗannan shekarun ne samarinmu masu cin rani suka fara dawowa da hirar silima. Musun da ake yi yau a fada, irinsa aka yi a ƙofar shagon Yaya. Masu zuwa Kano suna cewa labarin Barmo ba na takarda ba ne, na majigi ne, a ga rijiyar da ido, a ga aljanun. Dattawa suna cewa aljanin da aka nuna maka ya daina ba da tsoro, gara wanda kowa ya ƙera a zuciyarsa. Yaya ya taɓa shiga silima sau ɗaya. Ya ce mini bai kalli allon sosai ba, fuskokin mutane ya yi ta kallo, kuma abin da ya gani bai kwanta masa ba: an harbe mutum a allo, ɗaruruwan mutane suna zaune suna tafi.

Wanda ya fi kowa zafi a kan maganar shi ne Sale, ɗan Inna Rabi mai daddawa. Saurayi ne dogo mai fara'a, shi kaɗai ne ɗa namiji a wurin uwarsa, kuma ya haddace maganganun Barmo kaf. Da ya ga babu mai kawo mana na'urar ɗaukar hoto, sai ya ce su za su yi da jikinsu. Ya tara abokansa suka yi ta gwaji bayan girbi. Suka zaɓi wata tsohuwar rijiya a hanyar Tsauni wadda aka daɗe da daina ɗibar ruwa a cikinta. Yaya ya ce su haƙa rami daidai tsayin mutum ya isa. Sale ya yi dariya ya ce a silima ba a yin rabin abu.

Ranar wasan da hantsi rabin gari ya fita. Komai ya tafi daidai, mutane suna dariya, suna faɗin maganganun kafin 'yan wasa su faɗa. Aka zo ƙarshe aka zura Sale. Muka ji muryarsa daga ƙasa tana amsa kuwwa, ya ce ga ƙofar ya gani. Igiya ta saki. Abokansa suka fara kiran Barmo kamar yadda yake a littafi, shiru. Jama'a suka yi tsit don jin daɗi, wata tsohuwa kusa da ni har tana share hawaye tana cewa yaron ya iya. Aka ci gaba da kira, aka ci gaba da jira.

Yaya ne ya fara motsi. Na ga ya miƙe, bakinsa a buɗe, jijiyar wuyansa ta tashi, kalmar ta ƙi fita. Sai ya kutsa cikin mutane yana ture su har ya kai bakin rijiyar ya kama igiyar ya ja, ta taho babu nauyi. A lokacin ne aka daina kiran Barmo aka fara kiran Sale. Wani mai haƙar rijiya na gaske ya zura fitila, kafin ta kai rabi ta mutu. Ya ce iskar ƙasan ta lalace. Sai da aka yi ta zura rassan itace ana jan su sama da ƙasa kafin ya yarda ya sauka. Ya fito da Sale bayan azahar, babu rauni ko ɗaya a jikinsa.

Jandarma suka zo suka yi tambayoyi suka tafi. Aka cike rijiyar da ƙasa. Babu wanda ya ɗora wa Yaya laifi a fili, amma aka daina shimfiɗa tabarma a ƙofar shago.

Bayan sadakar arba'in Inna Rabi ta zo. Na zaci zagi ta kawo. Ta zauna a dakali ta ajiye ƙwaryar daddawarta, ta gaishe shi kamar kullum, sannan ta ce:

"Lawali, nawa an binne shi, na yi haƙuri. Amma har yanzu ina jin yara suna cewa Barmo yana ƙasa. Ni idan na ji, Sale nake gani a zaune cikin duhu. Ka rubuta na biyun ka fito da shi."

Yaya ya daɗe yana fama da bakinsa kafin ya ce zai gwada.

Ya gwada, ni shaida ne. Rani biyu bai je Kano ba. Yakan rubuta, ya ba ni in karanta masa a ɗaki, kafin in kai ƙarshen shafi ya karɓe ya yage. Ya ce idan ya fito da Barmo da rai ya yi wa matar ƙarya, domin ɗanta bai fito da rai ba. Idan ya bar shi ya mutu a can, ya kashe mata shi karo na biyu a gaban gari. Ya nemi hanya ta uku bai samu ba. Ita kuwa duk ranar kasuwa sai ta biyo, ta zauna a dakalin nan, ba ta tambaya, ba ta ƙorafi. Ta ɗan jima ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Ya kai ga tun daren kasuwa ba ya iya cin tuwo. Ya rame, tari ya kama shi, kafin shekarun 1950 ɗin su ƙare muka kai shi makwancinsa. Inna Rabi ta zo gaisuwa, da za ta fita ta tambaye ni a hankali ko ya bar wani abu. Na ce bai bari ba. Ta gyaɗa kai ta ce Allah ya jiƙansu su biyun.

Fim ɗin yau na kalle shi a gidan ɗan Yaya, wanda shi ya ba masu shirin izini. Rijiyarsu ta katako ce da fenti. Barmo yana waƙa da wata aljana a cikin lambu, ya fito da ruwa da amarya, gari ya yi biki. Masu cewa an ɓata suna jin haushin waƙar da kuma aljanun da aka shafa wa farar ƙasa. Masu cewa an gyara suna murna an ba labarin ƙarshe. Ina tambayar kaina me Yaya zai ce. A ganina waƙar ba za ta dame shi ba, kuma rijiyar katakon za ta fi komai yi masa daɗi.

Abin da ya hana ni barci shi ne ra'ayi na uku, wanda ya fi yaɗuwa a 'yan kwanakin nan. Samari suna cewa fim ɗin ba shi da tsoro saboda an ga ƙarya a rijiyar, idan za a sake yi a zo Matameye a yi a ta gaske. Makon jiya wasu biyu suka same ni da ladabi, da kamara a rataye, suna tambayar ko akwai tsohuwar rijiya mai zurfi a kewayen gari. Ɗayansu dogo ne, yana magana yana dariya. Na ba su labarin nan duka. Suka yi jimami, suka yi addu'a, sannan dogon ya ce ai wannan ma fim ne.

Ban san abin da zai rage na Yaya Lawali ba. Kwafe-kwafen hannun sun ruɓe, masu sauraron sun kusa ƙarewa, Barmon da jikokinmu suka sani mai waƙa ne. Abin da na riƙe shi ne mutumin da gari guda ya roƙe shi ƙarshe mai daɗi, ya kasa sayar wa uwa ɗaya ƙarya. Da kuma maganar da ya yi mini yana kwance, wadda ta fita sumul babu i'ina, ita ce kuma na gaya wa samarin nan da suka miƙe za su tafi. Ya ce da a ce akwai baƙo ɗaya a bakin rijiyar ranar, wanda bai taɓa jin labarin ba, da tun shirun farko ya yi ihu. Mu da muka san labarin mu ne muka tsaya muna jira.