Ƙwayar Wake ta Bakwai

Sau arba'in da ɗaya mai gadin gadar nan ya kashe ni. Ba ƙiyasi na yi ba, duk sanda ya kwantar da ni sai in ja layi da biro a jikin wani kwalin filta, har gefen kwalin ya cika. Ni mai sayar da kayan gyaran tarakta ne a kasuwar Gadarif, kuma in an gama girbin dawa da riɗi, aiki kan kwanta mana har sai damina ta matso. A wannan zaman banzan ne na ɗauki wani wasa a tsohuwar kwamfutata, irin wanda ake ba ka jarumi ka raine shi da kanka. Duk matakin da ya hau sai a ba ka maki, ka zuba a ƙarfi, ko sauri, ko sihiri. Abin da ka zuba ya zubu, ba a kwashewa. Ni kuwa da girman kaina na zaɓi mataki mafi wuya tun farko, shi ma ba a sauya shi a tsakiya.

Duk makin da ya shigo hannuna, kafin ya huce na zuba shi a ƙarfi. Jarumina ya zama ƙato, da sulke mai nauyi da gatari mai baki biyu, yana ta fyaɗe ƙananan dodanni ina jin daɗina. Sai muka iso wata gada. Mai gadinta sulken dutse ne a jikinsa, gatarina sai dai ya yi ƙara ya dawo. Dab da gadar akwai wani tsohon maƙeri da ke koyar da ƙaramin sihiri mai fasa dutse, amma sai kana da maki uku a hannu da ba ka zuba ko'ina ba. Ni ko rabin ɗaya ba ni da shi. Masu ba da shawara a intanet duk bakinsu ɗaya: ka sake daga farko, ya zol, wato kai mutumina. Wata biyu na aiki in zubar? Wallahi na ƙi.

Ranar da na ja layi na arba'in da ɗaya, na daki teburin har wata kwalbar man birki ta faɗi. Ina tsugune ina gogewa sai ƙamshin kofi ya taso daga wajen mai jabana, matar da ke dafa kofi a gefen shagona, da hayaƙin gawayi. Nan take na ga rumfar Habboba.

Habboba kakata ce ta wajen uba, sunanta Hauwa, amma mu ba mu taɓa kiranta da shi ba. A ƙauyenmu kusa da Mafaza, bukkarta ce ta ƙarshe kafin gonaki. Da an idar da magariba takan jawo kaskon gawayinta gaban rumfa, ta ɗora 'yar tukunyar kofi, mu kuma mu zagaye ta a kan tabarma, ni da ƙanwata Zainabu da 'ya'yan maƙwabta. Zuwa kiran isha'i an tashi, ba ta ƙara minti ɗaya. Mace ce mai taurin kai. Duk shekara sai sun yi cacar baki da babana a kan iri, don in ruwan farko ya sauka kowa yana rawar jiki ya shuka, ita sai ta rage kashi ɗaya a tulu ta liƙe bakinsa da laka. Babana ya ce asarar ƙasa ce. Ita ta ce ruwan farko ba a san halinsa ba tukuna, ta ci gaba da shan kofinta.

Tatsuniyarta ba irin ta kowa ba ce. Takan buɗe da cewa, “Ga ta nan tafe da laka a ƙafa.” Mu ce, “Ta kankare ta shigo.” Daga nan sai ta tona ramuka uku a ƙasa da yatsa, ta ce wannan hannu ne, wannan ƙafa, wannan baki. Ta ɗebo ƙwayar wake bakwai daga tulun irin nan ta damƙa wa wanda layi ya zo kansa, ta ce, “Yalla, maza shirya mini Sambo. Abin da ka sa a ƙasa, na ƙasa ne.” Yadda ka raba waken, haka Sambo, jarumin tatsuniyar, zai kasance a daren nan: mai ƙarfi, ko mai gudu, ko mai iya magana.

Labarin kuwa ɗaya ne kullum. Dodo ya kulle ruwan sama a bayan wata ƙofa cikin dutse, gari ya bushe, Sambo ya tashi ya je ya buɗe. Sai ya haye kwari uku. A na farko akwai kura, a na biyu akwai wani maciji da ya kwanta ya tare hanya. Waɗannan ko ta yaya ka shirya Sambo, Habboba za ta samar masa hanya, ko ya doke su, ko ya tsere, ko ya yaudare su da zance. A kwari na uku babu dabba. Laka ce baƙa irin tamu, sai wata tsohuwa zaune a bakin gaɓa. Habboba ta ƙanƙance murya, ta miƙo hannu wajen mai waken, ta ce, “Ɗan saurayi, me ka rage mini?”

A nan nake mutuwa.

Karon farko duka bakwai na zuba a ramin hannu. Da tsohuwar ta yi tambayarta na ce Sambo ya ture ta ya wuce. Habboba ta ce to, ya ture ta, ya shiga laka, ya nutse zuwa gwiwa, zuwa ƙugu, zuwa wuya. “Maigidana,” haka take tsokanata, “ƙaton naka nauyi gare shi.” Ta shafe ramukan da tafin hannu, yara suka kwashe da dariya. Da layi ya sake zagayowa na zuba biyar a ƙafa, wai ya tsallake da gudu. Ya nutse. Na zuba duka a baki ya yi wa tsohuwar daɗin baki, ta saurare shi har ya gama, ya shiga, ya nutse. Uku da biyu da biyu, huɗu da biyu da ɗaya, babu rabon da ban gwada ba. Har a makaranta a bayan littafin lissafi nake jera su.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Zainabu. Shekararta shida, ko ƙirga awakinmu ba ta iya yi daidai. Ran da aka ba ta waken ta sa biyu, biyu, biyu. Na ce, “Habboba, dubi wannan, ko bakwai ba ta sani ba, ta yar da ɗaya!” Habboba ko kallona ba ta yi ba. Aka zo kwari na uku, tsohuwa ta yi tambayarta, sai Zainabu ta rarrafa ta cusa hannu cikin mayafin Habboba. Habboba ta buɗe mayafin ta lulluɓe su su biyu. Muna zaune muna jin raɗa da ƙyalƙyalar dariya har aka kira isha'i. Dokar ke nan, wanda ya haye shi kaɗai ke jin abin da ke bayan ƙofa, kuma ba ya faɗa wa kowa.

Na bi Zainabu da alewa, na bi ta da barazana, ta ƙi buɗe baki. Da layina ya zo na kwaikwayi nata, biyu, biyu, biyu. Sai na dubi ta bakwai a tafin hannuna, na ce bari in gyara kuskuren yarinya, na jefa ta a ramin hannu. Na tuna Habboba ta rufe ido ta ce, “Ya salam, Haruna.” Sambo ya nutse har wuya.

Na san mai karatu ya riga ya gano. Ni kuwa ɗan manoma, jikan matar da ke liƙe bakin tulu a gabana duk shekara, ban gano ba. An ba ni bakwai, ga ramuka, a kaina ba a tashi sai an zuba duka.

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya na gaji. Wata magariba Sambo ya sake nutsewa, na miƙe na shure ramukan da ƙafa, waken ya watse har cikin gawayi. Na ce, “Zalunci ne! Ke kike kashe shi da gangan, don kin fi son Zainabu!” Habboba ta sa yatsu tana tsince waken daga toka ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, “Ni ban taɓa kashe maka shi ba, maigida. Gobe ka zo.” Ban zo ba. Lokacin an kawo talabijin kulob ɗin ƙauye, can na koma. Ta sha miƙo mini waken in na zo wucewa, in ce ina sauri. Ranar da zan tafi makarantar kwana a Gadarif ma, ina jiran lori da akwatina, ta fito da su a ƙulle a bakin mayafi ta ce ko sau ɗaya kafin mota ta zo. Na ce, “Habboba, na girma.” Ta rasu lokacin girbi, ina aji biyu.

Ina cikin goge man birkin nan da tunanin nan wayata ta yi ƙara. Zainabu ce daga Doka, inda take aure, tana tambayar ko na samo wa mijinta wani bel na injin casa. Ta ji muryata ta ce, “Yaya, lafiya? Da wa ka yi faɗa?” Kunya ta so ta hana ni, amma haushi ya fi ƙarfi, na kwashe labarin gada da maƙeri da maki uku na faɗa mata. Ta yi dariya har tana tari.

“Har yanzu, Yaya? Bakwai duka a ƙasa?”

Na ce me take nufi.

“Ba yar da ita na yi ba. A hannuna take. Tsohuwar ta ce me ka rage mini, na ba ta. Ta shuka a bakin gaɓa, waken ya yi yaɗo har ƙetare, Sambo ya taka ya haye. Halas, shi ke nan fa.”

Na zauna a kan wata tayar tarakta. Shekara talatin da wani abu! Na ce, “Ke wa ya gaya miki?” Ta ce babu kowa, waken ne ya yi mata kyau, mai ɗigon ja, ta ji ba ta son ta sa shi a ƙasa. Wannan ya ƙara ƙona mini rai, wallahi da ma cewa ta yi wayo ne. Na haɗiye, na ce to, tunda Habboba ta tafi, doka ta faɗi, ta gaya mini abin da ke bayan ƙofa.

Ta ce nata ba wani abu ba ne. Ruwan sama a cikin ƙwarya, da wata 'yar akuya mai 'yan kunne da ta biyo Sambo gida, irin abin da za a faɗa wa yarinya mai shekara shida. Sai ta ƙara da cewa:

“Naka daban ne, Yaya. Kowa da nasa. Da take kwance, ni ke ba ta kunu, ta ce mini na Haruna ya yi tsawo, sai an yi magariba uku ana faɗinsa, don duk ranar da Sambonsa ya nutse sai ta ƙara masa wani abu. Na ce ta ba ni in ajiye maka. Ta ce a'a, sai ya zo da ƙwayarsa a hannu.”

Ban san abin da na ce mata ba. Ina jin maganar bel ɗin na koma.

Washegari na goge jarumin nan mai gatari, na fara daga farko. Wannan karon ina zuba abin da zai wuce da ni kawai, saura in bar shi, ko da yake yatsana yana ƙaiƙayi duk sanda na ga maki zaune. Shawarar da zan ba duk mai irin wannan wasa ke nan, kada ka gama raba abin da aka ba ka kafin ka ga wanda zai tambaye ka. Mako biyu na iso gadar da maki biyar a hannu. Maƙeri ya karɓi uku, sulken dutse ya tsage, a gwaji na uku mai gadin ya faɗi. Wata ƙatuwar ƙofa ta buɗe, kiɗa ya tashi, haske ya cika fuskar kwamfutar. Na kalla na ɗan lokaci, na ji babu abin da ya motsa a raina sai haushi. Ba wannan ƙofar nake nema ba. Na rufe kwamfutar.

Wani lokaci ina jin haushin Habboba, ban ɓoye ba. Kalma ɗaya ce, ta faɗa mini mana, yaro ne ni. Wani lokaci kuma in tuna sau nawa ta miƙo hannun nan a gabana, a buɗe, tana tambayata a fili abin da take so, ni ina can ina lissafin ramuka. Magariba uku na labari, an ɗinka shi daidai ni, an yi shekaru ana ƙara masa, ya bi ta kabari saboda ƙwayar wake ɗaya.

Jiya na sayi wake a bakin kasuwa, na ware bakwai. Da kasuwa ta yi sanyi bayan la'asar na jera su a kan teburin shago, biyu, biyu, biyu. Ta bakwai na riƙe ta a hannu har ta yi gumi. Mai jabana ta leƙo ta ce ko in kawo maka kofi, Haruna? Na ce ta kawo. Ba wanda ya tambaye ni me na rage.