Zakaran Oga Okoro

Har gobe ina tuna safiyar Litinin ɗin da na kashe zakaran gilashi. Lokacin ina mataimaki a ɗakin gwajin kimiyya na wata sakandare a Kafanchan, saura mako biyu a tabbatar da ni a aiki. Ƙa'idar ita ce sai shugabanka ya sa hannu a takarda, in ya ƙi, ka kama hanyar gida. Shugabana kuwa Baba Yohanna ne.

Ku na yanzu, bututun gwaji ya tsage sai ku jefar. Mutanen da ba haka suke ba. In an tashi aiki, sai su kara fasassun a wutar gas, su narkar, su hura, su fitar da kifi ko fure ko tsuntsu, don nishaɗi kawai. Kantarmu cike take da su, amma zakaran ne abin nunawa baƙi. Kowa ya san aikin Oga Okoro ne, wani Ibo ɗan gidan ma'aikatan reluwe, wanda ya koya wa Baba aiki.

Ni da neman suna, na ga ya yi datti, na tafasa ruwa na tsoma shi. Ƙas! Wuya ya rabu da jiki.

Baba ya shigo, ya dubi zakara, ya dube ni. "Bitrus, ruwan zafi ko?"

"E, Baba. A yi haƙuri."

"Ga wuta, ga fasassun bututu. Ba zakara, ba sa hannu."

Kwana goma ina fama. Yatsuna duk suka ƙone, har matata tana tambaya ko na koma gasa tsire ne. Da ƙyar na fitar da wani abu, baki irin na agwagwa, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Na miƙa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ɗora shi a kan kantar, ya zaro biro ya sa hannu. Sannan ya rage murya. "Wanda ka fasa ɗin ni na yi shi. Na Oga Okoro ni na kashe, da ruwan zafi, kamar kai. A kansa na koyi riƙon gilashi."

Ranar na gane a sana'armu hannu ba ya gogewa sai ya yi ɓarna an bar shi ya gyara. Na yi ritaya, agwagwata tana nan a kan kantar, baƙi suna yaba aikin Oga Okoro. Wanda ya gaje ni ya tambaye ni yadda ake wanke ta. Na ce masa na manta, ya gwada dai.